Ranar da Fari Suka Sauka a Gonarmu

Ina ɗan shekara shida, wata la'asar, muna gona a garin Dogo ni da kakana, gero ya kusa nuna. Gabas ta yi baƙi ƙirin, na hau tsalle ina murnar ruwa.

Kaka ya shaƙi iska, ya ce, "Zauna, abokina. Wannan hadarin ba ya ƙamshin ƙasa."

Sai ga fari sun rufe rana. Ina kallon ƙyallin fukafukansu, ina jin ƙarar cinsu kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Kaka ya dafa kafaɗata, ya ce, "Da asuba mu zo da buhu. Sun ci namu, mu ci su."

Har yau in gabas ta yi baƙi, 'ya'yana na tsalle, ni sai na shaƙi iska tukuna.