Kwamfutar da Ta Koyi Kunyar Surukai

Allon kwamfuta ya daskare ƙam a gaban mai saye, hoto ya ƙi fitowa. Kwangila na shirin suɓuce wa Manaja.

"Wa ya yi mini wannan ɗanyen aiki?"

Dogo ne ya rubuta manhajar. Surukinsa, uban matarsa, shi ya rubuta ƙaramar manhajar da ake kira direba, wadda ke ba katin zane, wato na'urar fitar da hoto, umarni daga can cikin tsarin kwamfutar. Ƙa'idar ita ce ɗaya ya gama ya ba da alama, sannan ɗayan ya taɓa hoton.

Dogo ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, na sa manhajata ta jira alamar Baba. Ina ni ina riga shi?"

Tsohon ya gyara tabarau. "Ni ma na sa direbana ya jira ta yaron nan, kar a ce ina danne mijin 'yata."

Manaja ya dafe kai. "Wato har kwamfuta kun koya wa kunya? Maza ku je ɗakin injina ku gyara!"

Ba a jima da fitarsu ba hoto ya fito tar. Mai saye ya sa hannu. Manaja ya ruga don ya yaba wa gwanayensa.

Ashe kwamfutar ce ta gaji, ta yanke jiran da kanta. Su kuwa suna nan tsaye a bakin ƙofar ɗakin injina.

"Baba, bismillah."

"A'a, yaro, fara shiga."