Buhunan Larai

Tun da aka tsayar da ranar zuwan dangin Sadiq, Malam Sanda ya daina barci mai daɗi. Ba Kubura ce damuwarsa ba. 'Yar tasa ta samu miji na nunawa, Sadiq ɗin, injiniya a Abuja, ɗan wani babban dillalin doya na Paiko da ake cewa motocinsa har Legas suke kaiwa. Damuwarsa tsakar gidansa ce.

Larai, uwar Kubura, mace ce da ba ta san jefarwa ba. Buhunan siminti ta cika da ƙasa ta shuka alayyafo da tattasai. Ruwan wanke-wanke ba ya bin kwata, gindin shuka yake zuwa. Ɓawon doya a shanya wa awaki, kashin awaki ya koma cikin buhu. Ga durom na tarar ruwan sama, ga murhun da take ɗura wa garin katako da ake kwaso mata kyauta a wurin kafintoci. Shekara da shekaru gidan bai sayi ganyen miya ba, kuma Malam Sanda yakan ci har ya miƙa kwano a ƙara. Amma ci daban, baƙi su gani daban. Mutumin da ya yi ritaya a sakatariya, da tabarau da komai, a ce gidansa ya koma bola? Idan masu kuɗin nan suka leƙo suka fasa fa?

Ana gobe za su zo, ya tura Larai da Kubura cefane, ya ce kada su yi gaggawa. Sannan ya roƙi maƙwabcinsa Gideon ya nemo masa baban bola mai mota.

Da hantsi wata tsohuwar akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Wani dattijo ya fito, riga ta koɗe, takalmin roba duk jar ƙasa. Ya yi sallama mai tsawo, ya ce, "Nan ne gidan Malam Sanda, mahaifin Kubura?"

"Nan ne, Baba, kuma ka makara. Shigo ka kwashe min tarkacen nan kafin uwargida ta dawo."

Dattijon ya dube shi, sannan ya naɗe hannun riga. Bai zo da sikeli ba, bai kuma tambayi farashi ba, abin da ya sa Malam Sanda ya ji ya yi sa'ar mutum mai sauƙin kai. Buhu ɗaya-ɗaya yake ɗauka, ya tsaya ya shafa ganye, ya murza ƙasar ya sansana. A cikin motar ma a tsaye yake jera su, kamar masu zuwa biki.

"Wa ke yi musu ban-ruwa?"

"Yarinyar mana. Uwar ta ɓata ta. Da digirinta da komai, sai ka gan ta da asuba tana damun kashin awaki."

"Madalla," in ji dattijon a hankali.

Wanda ya daɗe da abu a ciki, da ya samu kunne sai ya zazzage. Malam Sanda ya jawo kujera ya zauna a inuwa, yana nuni da yatsa, yana ba da labari. Ya ce Gideon zai ara masa janareto da tukunyar gas na yini guda. "Mutanen Paiko ne, ƙauyawa, kuɗi ne kawai ya faɗo musu. Su ji ƙarar inji, su ga gas, shi ke nan an gama da su. Hattara da durom ɗin nan, Baba, kada ka goge min fenti."

Sai azahar aka gama. Dattijon ya share gumi, ya karɓi ɗan na goro da hannu biyu, ya yi godiya ya tafi.

Da Gideon ya turo janareton, ya fara cewa, "Oga Sanda, mutumin nan da ka ce in kira..." Malam Sanda ya katse shi: "An gama, na gode."

Larai ta dawo ta tarar da tsakar gida fayau, sai zagayen danshi inda buhunan suka zauna. Ta ajiye cefane, ta wuce ɗaki. Kubura ce ta yi kukan. Shi kuwa ya kasa haɗa ido da kowa, ya yi ta gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Washegari baƙi suka iso cikin manyan riguna. Kamar yadda aka saba, uban yaro bai zo ba, ƙaninsa Alhaji Mamudu ne ya jagoranci tawaga. Janareto na tari a bayan taga, hayaƙi na shigowa, kowa sai ya ɗaga murya kafin a ji shi. Aka yi addu'a, aka raba goro.

Alhaji Mamudu ya gyara zama. "Yaya ya ce yarinya ya karɓe ta hannu biyu, albarkacin uwarta. Ya ce gidan da ɓawon doya ba ya zuwa bola, dukiyar ɗansa ba za ta lalace a hannun 'yarsu ba. Roƙonsa ɗaya, a kashe injin nan a mayar wa Gideon abinsa, mai ya yi tsada."

Malam Sanda ya ajiye goron da ke hannunsa. Da ƙyar ya ce, "Alhaji... ya san Gideon ne?"

"A bakinka ya ji sunan. Shi Yaya ba ya aika kowa binciken aure, da kansa yake zuwa a motar gona. Ya ce in gaishe ka da aikin jiya, wai rabon da a sa shi dakon buhu tun yana saurayi."