Da Sauƙi

Ranar da maciji ya sari yayana Bello a rugarmu ta wajen Kimba, na bi Inna muka kai shi wani asibiti a Jega. Ƙafarsa ta kumbura har gwiwa.

Mai ba da kati ya ce, "Ɗanki na? Ya jikin?"

Inna Bafillata ce, kuma a wajenmu uwa ba ta nuna damuwa kan ɗan fari. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Da sauƙi."

"To, ki jira."

Wata Hajiya 'yar gari ta shigo da kururuwa, ɗanta ya yanke a yatsa. Nan take aka buɗe mata ƙofa.

Sai la'asar aka kira mu. Bello ya riga ya cika a cinyar Inna.

Har yau, ko ciwon kai nake, ba na ce wa likita "da sauƙi".