Hoton Marinar Baba

Luba ta tarar da Gwadabe mai hoto a tsohuwar marinar babanta da ke Rano, wadda yadin kanti ya kashe. Yana saita kyamara a bakin wani busasshen rami.

"Baba ya ga hoton wurin nan a shagonka na Kano," ta ce, kanta a sunkuye. "Ya ce ka tallata karayarsa ga duniya. Gobe zai mayar muku da goronku na neman aurena."

Gwadabe ya ce, "Wallahi kyau wurin ya yi mini."

Ta ɗago ta dube shi. "Kyau? Da ramin nan aka ciyar da ni."

Ya kai hannu zai rufe kyamarar.

"Ɗauka mana, Malam," ta ce. "Ai mu ma mun zama kango."