Kujerar Kusa da Ɗan Fari

Tun da katanga ta raba birnin biyu, a filin dambe kaɗai ake haɗuwa. Tasalla ta yi shekaru ba ta ga ɗanta ba, ga kujera ɗaya ta rage kusa da tasa.

"Faɗi sunansa," in ji na'urar sayar da tikiti, wadda ke adana duk maganar da kowa ya taɓa yi a birnin.

"Yaron nan dai, ɗan wajena."

"Babu mai wannan suna."

Ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barinta ta ambaci sunansa ba. Na bayanta suna ta tsaki: "Iya, yi sauri mana!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Shu'aibu."

"Ba mu taɓa jin wannan suna a bakinki ba. Kujerar ta dangi ce kawai. Na gaba."