Ranar da Aka Daidaita Hansatu

Shekarar da doka ta wajabta daidaita duk ƙwaƙwalwar da hotonta ya saɓa wa na jama'a, Malam Haladu ya je asibiti ɗauko 'yarsa. Allah Ya halicci Hansatu daban tun daga ciki. Ta kai shekara talatin ba ta iya ɗaura zani ba, amma ba ta wuce mutum sai ta gaishe shi, har ta tambayi lafiyar awakinsa.

Likita ta nuna masa sabon hoton. "Baba, yanzu tata kamar ta kowa ce."

A hanyar gida suka wuce maƙwabcinsu makaho, wanda kullum yake jiran gaisuwarta.

"Malam, yau kai kaɗai ne?"

Hansatu ta dubi agogonta. Malam Haladu, wanda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ya daɗe kafin ya amsa.

"Ni kaɗai ne."