Kunyar Suruki a Bakin Tafki

Ranar Laraba ce, ƙarshen damina. Hadari ya haɗu tun safe bai zubar ba, zafi ya rufe gari. Shekarar nan annobar amai da gudawa ta shigo, tana ɗaukar mutane gida gida. Garin tafki ɗaya gare shi. Nan ake wanka, nan ake wanki, nan manoma ke ninƙaya in sun taso daga gona. Ma'aikatan lafiya suka ce a rufe shi, dagaci ya ce rijiyar gari ba za ta ɗauki sha da wanka ba. Aka tsaya a kan magana ɗaya: mai lafiya ya shiga, amma duk gidan da ciwon ya sauka, kada mutumin gidan ko tsummansa ya taɓa ruwan. Aka ɗora tsaron a wuyan wani masunci, don ya san tafkin kuma ba ya wasa. Kwana goma sha biyu yana zaune a gindin giginya da sanda. Ya kori ƙanen dagaci, ya kori abokin da suka yi kaciya tare, bai ji komai ba.

Da azahar ɗin ranar sai ga surukinsa, uban matarsa, ya ɓullo ta hanyar jeji da tabarma a naɗe da ƙunshin tsumma a ka. Tsohon a gidan gona yake zaune, inda shela ba ta kai. Masunci kuwa ya ji tun jiya cewa ƙanen tsohon na kwance da ciwon, kuma shi ke jinya. Shekara goma sha tara yana auren 'yar mutumin nan, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. Kafin ya yi tunani jikinsa ya yi abin da ya saba: ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Barka da rana, Baba." Zancen dokar kuwa bai iya furta shi ba. Tsoho ya amsa, ya wuce, ya jiƙa tabarma ya goge ta da soso, ya wanke tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga har wuya ya yi wanka. Masunci yana durƙushe yana kallon tururuwa, yana jin ƙarar ruwa a bayansa.

Da la'asar mata suka zo da tukwane da ƙore, matarsa na cikinsu. Zai iya tare su. Amma za su tambayi dalili, dalilin kuwa sai ya tona asirin uban matarsa a gabanta, a gaban matan gari. Ya ce wa ransa ai ruwa mai yawa ba ya riƙe dauɗa. Matarsa ta dube shi tana murmushi ta ce, "Sarkin ruwa, a ba mu hanya, ko sai mun kawo gaisuwa?" Ya janye sandarsa.

Juma'a da hantsi ciwon ya kama ta. Ya ɗora ta a amalanke ya nufi asibiti, ba su kai gadar gari ba ta cika. Cikin matan da suka shiga ruwa ran nan, biyar suka kwanta, biyu suka tashi.

Ranar sadakar uku tsohon yana zaune a tabarmar makoki, ya rame, idonsa ya faɗa. Nan ya ji mutane na zancen dokar tafki, yau ya fara jin ta.  Da jama'a suka ragu ya juya wajen masunci.

"Ashe an hana? Ai kana wurin ran nan."

Masunci ya ce, kansa a ƙasa, "Kunyarka na ji, Baba."

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka ce Baba koma, da na koma. Tabarma ce fa, da na cinna mata wuta. Na ɗauki 'ya sukutum na ba ka, sai in ƙi jin maganarka a kan tabarma?" Ya tashi ya lalubi takalmansa, ya kama hanyar jeji shi kaɗai.

Washegari masunci bai jira sadakar bakwai ba. Ya ɗauki gatari ya saro ƙaya ya shinge bakin tafkin, ya bar ƙofa ɗaya ya tsaya a cikinta. Wanda ya fara zuwa limamin gari ne, dattijon da ya ɗaura masa aure, da zani a kafaɗa, alhali jikarsa na kwance a gida. Masunci bai durƙusa ba. Ya dube shi ido da ido ya ce, "Malam, koma." Liman ya ce, "Ka yi gaskiya, Allah ya yi maka albarka," ya juya abinsa. Masunci ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Da ya ga iyakar nauyin maganar ke nan, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Shi ya sa mutanen da suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.